Yadda na gyara fetch mai cewa komai lafiya alhali saba ta faɗi

Wani ɗan fom ne na rajistar ɗalibai, ana danna tura sai ya nuna "an karɓa", amma ka leƙa ma'ajiyar bayanai ba komai, wayam. Kuma akwai try da catch, wato tarkon kama kuskure, a kod ɗin fa, shi ya sa abin ya ɗaure min kai.

Da na buɗe Network tab a Chrome, inda ake ganin buƙatun da shafi ke turawa, sai ga 500 jajir, lambar da ke nuna saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta samu matsala. Ashe shi fetch na JavaScript, mai tura buƙata zuwa saba, ba ya shiga catch sai in netwok ne ya yanke ko buƙatar ba ta fita ba sam, in dai saba ta amsa, ko 404 (ba a samu abin ba) ko 500 ta turo, a wurinsa aiki ya yi. Ni dai wannan tsarin bai min ba amma haka suka gina shi.

To sai na sa if (!res.ok) nan take bayan fetch ɗin, res ita ce amsar saba, ok kuwa yana zama true ne kawai daga 200 zuwa 299, in ba haka ba na yi throw, wato na jefa kuskure zuwa catch, da res.status (lambar amsar) a ciki. 401 na maida mutum ya sake shiga, 422 na nuna masa gurbin da bai cike daidai ba, 500 kuwa na ce ya ɗan jira ya sake gwadawa.

Saura ɗaya, kar a kira res.json(), mai karanta amsar a tsarin bayanai na JSON, kafin duba ok, don saba in ta faɗi wani lokacin shafin HTML take turowa maimakon JSON, sai ka ga "Unexpected token <" ka yi ta neman matsala inda babu ita.