Kurakuran da ake ta maimaitawa kan bakteriyar hanji da garkuwar jiki

Tun da hunturu ya shigo mura ta kama gari, ba na rufe shago ban ji wani ya ce a zuba masa kindirmo "mai ƙara garkuwar jiki" ba. Sana'ata ce, ina son ciniki, amma na karanci ilimin ƙananan halittu kafin in koma harkar nono, kuma na gaji da ganin mutane suna faɗawa rami ɗaya, ramin da ni ma na taɓa faɗawa.

Asalin maganar gaskiya ce. A babban hanjin kowannenmu akwai bakteriya masu ɗimbin yawa da ke cin ɓangaren abincin da cikinmu bai iya narkarwa, su fitar da sinadarai irin su asetet, furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka yi wa hanji bango. Wasu sinadaran kuwa suna shiga jini su kai har huhu, su sa jiki ya zauna cikin shirin fitar da intaferon, wato ƙararrawar da ƙwayar halitta ke bugawa idan bairas ya shige ta domin maƙwabtanta su rufe ƙofa. Matsalar tana wajen abin da mutane ke yi da wannan labari.

Babban kuskure, wanda na fi gani kuma ya fi ƙona mini rai, shi ne shan antibayotik saboda mura. Mutum zai tashi da atishawa da toshewar hanci, ya tsaya a kemis a ƙulla masa kafso ja da yalo, a haɗa da Flagyl, ya sha kwana biyu ya watsar, sannan ya zo wurina neman nonon da zai ƙarfafa masa jiki. Malam, kai da hannunka ka sa wa garken wuta, yanzu kuma kana neman madara? Bairas ne ke kawo mura, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Bakteriya yake kashewa, kuma ba ya tambayar wace ce ta gida wace ce baƙuwa. Flagyl ma musamman bakteriyar da ba ta son iska yake bi, irin wadda ta cika babban hanji, cikinta har da masu yin butiret ɗin.

A 2019 masu bincike a cibiyar Francis Crick da ke Landan sun sa wa ɓeraye bairas ɗin mura mai tsanani. Waɗanda hanjinsu ke lafiya, kusan kashi 80 cikin ɗari sun rayu. Waɗanda aka ba antibayotik kafin cutar ta shige su, kashi ɗaya cikin uku kacal suka tsira. A wani binciken kuma da masana jami'ar Stanford ta Amurka suka jagoranta, aka wallafa a shekarar dai, an ba wasu mutane masu lafiya antibayotik na kwana biyar a daidai lokacin da aka yi musu rigakafin mura, sai aka ga waɗanda dama ba su da tsohuwar kariya jikinsu bai amsa allurar yadda ya kamata ba a kan nau'in bairas ɗin mura da ake kira H1N1. Ni a gidana doka ce: mura sai hutu, ruwan ɗumi, farasitamol idan da zazzaɓi. Idan zazzaɓin ya wuce kwana biyu a je a yi gwajin maleriya, idan numfashi ya fara sama-sama a tafi asibiti. In likita ya duba ya rubuta antibayotik, a sha yadda ya ce, domin akwai ranar da shi ne zai ceci rai.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kusa raba ni da 'yata. Tana da wata tara ta tashi da amai da gudawa tsakar dare, ruwa zalla. Ni kuma a lokacin kaina cike yake da karatun furobayotik, wato bakteriya mai rai da ake sha don amfanin hanji, na sayo wani garin leda mai tsada da aka rubuta biliyoyin bakteriya a jikinsa, ina kaɗa mata a cokali. Mahaifiyarta ta ce, "Baban yarinya, mu kai ta asibiti mana." Na ce ta bari maganin ya yi aiki. Kwana biyu muka yi a haka. Da yammacin rana ta biyu na ɗauke ta na ga maɗigarta ta faɗa, idanunta sun zurma, tana kuka babu hawaye, tsummanta kuwa tun safe a bushe. A asibiti sai da suka soka ta wuri huɗu kafin su sami jijiyar ƙarin ruwa, daga ƙarshe a ka aka sa mata. Kwana biyar muka kwana a kan benci. Allah ya tashi kafaɗarta, amma har yau in na tuna ƙarar kukanta a daren nan sai jikina ya yi sanyi.

Gudawar yara irin wannan, wadda sau da yawa bairas ɗin rota ke kawowa, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa a cikinta. Abin da ake buƙata tun zawo na farko shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, a dama a ruwa mai tsafta daidai yadda aka rubuta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ko yana amai, a haɗa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa. A 2018 an wallafa manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kowanne da yara kusan dubu masu amai da gudawa. Yaran da aka ba furobayotik ba su riga waɗanda aka ba garin banza warkewa ba. Da na san wannan da ban ɓata kwana biyun nan ba. Sannan tun 2022 rigakafin rota yana cikin rigakafin jarirai na yau da kullum a Najeriya, ɗigo ne a baki, kyauta. Uwar da ta tsallake wannan ta tafi sayen garin leda ta bar jaki tana dukan taiki.

Daga nan sai masu yaɗa labarin "an gano". An gano a jikin wa? A 2017 masu bincike a jami'ar Washington da ke St. Louis sun nuna cewa wata bakteriyar hanji tana sarrafa sinadaran da ke cikin shayi da 'ya'yan itatuwa ta fitar da wani abu da ake taƙaita sunansa DAT, wanda ya rage wa ɓeraye lalacewar huhu a lokacin mura. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a ɓera ne, kuma ya yi amfani ne idan an ba da shi kafin cutar ta shiga, bayan ta shiga bai hana komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kofin nonon da ka sha bayan ka fara tari ba zai kore murar ba. A jikin mutane, abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne wasu nau'o'in furobayotik, in an daɗe ana sha, suna iya ɗan rage yawan kamuwa da mura ko tsawon kwanakinta. Ɗan ragi ne, kuma nau'i ya bambanta da nau'i, abin da wannan ya yi ba lallai wancan ya yi ba.

Akwai ƙananan kurakurai da ba sa buƙatar dogon bayani. Yogot ɗin da ke zaune a kanta wata da watanni ba firji an riga an dafa shi bayan ya kama, bakteriyarsa ta mutu, saura zaƙi. Daddawa bakteriya ce ke yin ta, amma ka ci ta don ɗanɗano da gina jiki. Ɗanyen nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar burusela, tsaminsa ba ya ba ka tabbacin komai. Kada a ba bakwaini ko mai raunin garkuwa sosai furobayotik sai da izinin likita, domin a 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini ya rasu sanadin bakteriyar da ke cikin irin wannan magani. Jariri ƙasa da wata shida kuwa nonon uwarsa ya ishe shi, a cikinsa akwai wani nau'in sukari da shi jaririn ba ya narkarwa, abincin bakteriyar Bifido ce da ke hanjinsa.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne ciyar da waɗanda suke cikin hanjin tun farko. Bakteriyar da ka haɗiya a kofi yawanci baƙuwa ce, kwana kaɗan ta wuce. 'Yan gida su ne masu aikin, kuma ba sa samun komai daga farar shinkafa da burodi da lemon kwalba. Mun surfe gero da dawa mun zubar wa awaki dusar, mun bar wa kanmu farin gari. Ni dai na rage surfe a gidana, tuwon dawa da ɗan duhunsa muke ci. Wake sau uku a mako, miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale da albasa da yawa, aya da dabino a aljihu. Wanda bai saba ba ya fara a hankali, in ba haka ba kumburin ciki zai sa ya daina tun mako bai zagayo ba.

Kindirmon kuwa ina shan kofi guda kullum da safe, ba sukari, da lafiyata ko ba lafiya. In za ka yi naka, tafasa madarar sosai, ka bar ta ta huce har ka iya riƙe tsaftataccen yatsa a ciki ba ta ƙona ka ba, sannan ka zuba cokali biyu na kindirmon jiya ka rufe. Yawancin masu kawo mini ƙorafin nononsu bai kama ba, da zafi suke zuba irin. A hunturu ina naɗe kwanon da bargo ya kwana, da asuba ya kama.