Kafin Ka Maƙala Talabijin a Bangon Gidan Haya

Idan ka kama haya a Amurka, Kanada ko Ingila, kada ka yi gaggawar sayen ƙarfen maƙala talabijin. Fara da takardar yarjejeniyar haya. Masu gida da yawa ba sa yarda a huda bango sai da izini, ranar tashi kuma su zare kuɗin gyara daga ajiyar da ka bayar. Nemi izinin a rubuce, ka adana amsar.

Sai bangon kansa, wanda shi ne babbar magana. Ƙwanƙwasa shi da hannu. In ya amsa kamar ganga, to galibi ba bulo ba ne, allon filasta ne mai kaurin kusan rabin inci da aka ɗaure a jikin ginshiƙan katako. Allon shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, musamman da yake talabijin ɗin da aka karkatar yana jan sukurorin sama waje. Dole su shiga cikin katakon. A Amurka da Kanada tazarar ginshiƙan yawanci inci 16 ce, wani lokaci 24. A Ingila santimita 40 ko 60. Saboda haka zaɓi ƙarfe mai faɗin da zai kama ginshiƙi biyu. Akwai 'yar na'urar da ake gogawa a bango, ta yi ƙara in ta zo kan katako. Kuma kada ka huda daidai saman soket ko ƙasansa, nan wayoyin lantarki ke bi.

Ƙarfe mai karkatowa yana sunkuyar da fuskar talabijin da kimanin digiri 10 zuwa 15. Amfaninsa yana fitowa idan talabijin ta fi idon mai zaune tsawo, kamar a ɗakin kwana ko inda aka ɗaga ta don ƙananan yara, ko kuma hasken taga na haska gilashin. In daidai ido za ta tsaya, mara motsi ma ya wadatar. Ni dai na fi son mai karkatowar ko don sararin da yake bari a baya, hannu ya samu shiga ya jona wayar HDMI, mai kawo hoto da sauti, ba sai an sauke komai ba.

Juya talabijin ka auna tazarar da ke tsakanin ramuka huɗun da ke bayanta. Ma'aunin ana ce masa VESA, a milimita yake, misali 200x200 ko 400x400, kuma yana rubuce a kwalin ƙarfen tare da nauyin da zai iya ɗauka. Nauyin ka fi kulawa da shi, ba incin girman talabijin ba. Sukurorin da ke shiga ramukan nan galibi M6 ne ko M8, wato masu kaurin milimita 6 ko 8. In ka ɗaura wanda ya yi tsawo, zai iya taɓa kayan ciki.

Wurin ɗorawa kira mutum na biyu, ku tabbatar ƙugiyoyin da aka ɗaura a bayan talabijin sun zauna a kan ƙarfen bango, sannan ku ɗaure makullin ƙasa kafin ku saki hannu.