Turanci da bishara a ƙauyukan Tailan: kurakuran da iyalan 'yan mishan suka fi yi

A shekarar 1845 wani ɗan mishan Ba'amurke, Jesse Caswell, ya fara koya wa wani ɗan gidan sarauta Turanci a Bankok. Ɗalibin nasa shi ne Mongkut, wanda a lokacin yake zaman ibada a haikalin Buddha na Wat Bowonniwet, kafin ya hau gadon sarauta a 1851. A fili suka yi shirinsu: Caswell ya riƙa zuwa ba da darasi, Mongkut kuma ya ba shi ɗaki inda zai yi wa'azi ya raba takardun bishara. Har ya rasu Mongkut bai zama Kirista ba, amma ya riƙe malaminsa da mutunci, kuma a zamanin mulkinsa 'yan mishan suka sami sararin aiki fiye da na da.

Har gobe Turanci ne ƙofar da iyalai da yawa na 'yan mishan suke bi su shiga karkarar Tailan, ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 na mutanenta mabiya Buddha ne, Kiristoci kuwa wajen kashi 1. Makarantun ƙauye suna neman malamin Turanci ruwa a jallo, iyaye suna so 'ya'yansu su sami aiki a otal ko a kamfani. Abin da yake kuɓuce wa masu zuwa yanzu shi ne yin komai a fili.

Kuskure mafi muni shi ne mai da ajin Turanci tarko. A sanar cewa za a yi darasi kyauta ranar Asabar, yara su cika rumfa, a yi minti ashirin ana A B C, sauran lokacin duk waƙoƙin coci da addu'ar karɓar Yesu, iyaye ba su da labari. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaro zai koma gida yana rera waƙar, kakarsa ta tambaye shi ma'anarta, kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen mai unguwa da shugaban haikali. Ba wanda zai zo ya yi maka faɗa, domin ba ɗabi'arsu ba ce. Sai dai ka ga yara suna raguwa, wannan an ce ya tafi gona, wancan ba shi da lafiya, har rumfar ta zama kai kaɗai. Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son ƙarfin hali. Tun ranar farko ka gaya wa shugaban makaranta da mai unguwa, wanda suke kira phu yai ban, cewa kai Kirista ne, ikilisiya ce ta aiko ka, kuma za ka koyar da Turanci tsakani da Allah. Ajin Turanci ya zama na Turanci. Nazarin Littafi Mai Tsarki ya kasance da ranarsa da sunansa, wanda yake so ya zo, yaro kuma sai da yardar wanda yake riƙon sa. A ganina mai bin Yesu da ya fara aikinsa da ɓoye-ɓoye ya riga ya ƙaryata saƙon da ya ɗauko.

Akwai wani ɓoye-ɓoyen da ake yi wa hukuma. A dokar Tailan aikin sa kai ma aiki ne, yana bukatar takardar izinin aiki, bizar yawon buɗe ido ba ta isa ba. Bizar aikin addini tana bi ne ta hannun ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su, kamar Church of Christ in Thailand da aka kafa a 1934, da Evangelical Fellowship of Thailand. Mai koyarwa a makaranta yana bukatar lasisi ko sassauci daga hukumar malamai ta Khurusapha, kuma wanda ya fito daga ƙasa irin Najeriya ko Kamaru yawanci sai ya nuna sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC. Baƙo mai dogon zama kuma yana sanar da ofishin shige da fice inda yake kowane kwana 90. A gama waɗannan kafin a shiga aji.

Sai maganar harshe. Tunda an zo koyar da Turanci, wasu sukan ɗauka koyon harshen Tai zai iya jira. Shekara uku ta wuce, mutum bai iya yi wa maƙwabcinsa ta'aziyya ba sai da tafinta. Harshen yana da karin sauti biyar, kalmar maa kaɗai tana iya zama zuwa, ko doki, ko kare, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin kunnensa ya saba da irin wannan tun yana goye. Amma a lura da inda za a zauna. A yankin Isan na arewa maso gabas, mai larduna 20 da kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar, abin da ake yi a gida da gona da kasuwa harshen Isan ne, ɗan'uwan na Laos. A lardunan Surin da Buriram akwai masu jin Khmer, harshen Kambodiya, a duwatsun arewa ga ƙabilun Karen da Lahu da Akha da Hmong. Tai na Bankok harshen makaranta ne da ofis. Littafi Mai Tsarki na Tai kuma yana amfani da kalmomin fada idan ana maganar Allah da Yesu, kalmomin da tsohuwa manomiya ba ta mu'amala da su. Shekarar farko, ko ma biyu, ta koyon harshe ce, miji da mata duka, ko da masu tallafi a gida suna ƙorafin ba su ga aiki ba.

Iya magana da Turanci daban, iya koyar da shi daban, kuma nan ne ake cutar yara ba da niyya ba. Yaron ƙauye yana haɗuwa da Turanci tun aji ɗaya na firamare, ya haddace ƙa'idojin nahawu don jarrabawa, amma bakinsa bai saba ba. Matsalolinsa sanannu ne. A harshensa idan gaɓa za ta ƙare da baƙi, ɗayan sautuka takwas ne kawai, babu s ko l a cikinsu, shi ya sa football yake fitowa futbon, rice kuma rai. Idan s ta haɗu da wani baƙi a farkon kalma sai ya cusa wasali a tsakani, school ya zama sakun. Aikatau a Tai ba ya sauya siffa don jiya ko gobe, suna ba ya sauya siffa don jam'i. Malamin da bai san wannan ba zai yi ta maimaita kalma yana ɗaga murya, yaron yana sunkuyar da kai. Wanda ya sani zai ware minti biyar kullum don sautin ƙarshen kalma, ya sa su riƙe takarda a gaban baki su ga iska tana kaɗa ta, ya mai da abin wasa. Mutanen Tai suna son aiki ya zo da nishaɗi, abin da suke kira sanuk, ajin da babu dariya a ciki ba ya daɗewa.

Ka tsaya gaban aji ka tambaya ko sun gane. Kawuna talatin za su gyaɗa, da murmushi, ko da ba wanda ya gane. Kara ce da alkunya, abin da suke kira kreng jai: ba a ɗora wa babba nauyi, ba a nuna wa malami cewa bayaninsa bai shiga ba. Don haka a daina wannan tambaya. A ba su aiki bibbiyu, a zagaya a saurara. Kada a tsayar da yaro guda a gyara masa kuskure a gaban 'yan'uwansa, a tara kurakuran a gyara su a allo ba tare da kama suna ba. Malamar Turanci 'yar ƙasa da ka tarar a makarantar, wadda wataƙila lafazinta bai kai naka ba, kada ka kuskura ka gyara mata a gaban ɗalibai. Ita ce za ta rage bayan ka tafi. Ku shirya darasi tare, ka tambaye ta abin da manhaja take bukata, ka bar ta ta yi bayanin nahawu da harshen da yaran suke ji. Malamin da ya yi tsawa ko ya buga tebur kuwa, ko gaskiya tana gefensa, shi ne ya zubar da girmansa a idonsu.

Kalanda ma tana kayar da mutane. Shekarar karatu tana farawa tsakiyar Mayu, ta ƙare a Maris, da hutu a Oktoba. Afrilu zafi ne mai kai maki 40 da bikin sabuwar shekara na Songkran daga 13 zuwa 15 ga wata. Ajin manya da aka buɗe lokacin dashen shinkafa a Yuni da Yuli, ko lokacin girbi a Nuwamba da Disamba, ba zai sami kowa ba.

Wannan karar da take sa yaro ya gyaɗa kai a aji ita ce take sa babba ya ɗaga hannu idan an yi kiran tuba. Malam ya yi maka alheri wata shida, ya roƙe ka ka maimaita addu'a bayansa, yaya za ka ƙi? Sai a rubuta wa gida cewa mutum goma sha biyu sun karɓi Ubangiji, ranar Lahadi kuma ba a ga ko ɗaya ba. Masu tallafi suna da nasu laifin, domin su ne suke son lissafi da hotuna. Rahoto ya faɗi abin da ya faru, ko da abin da ya faru shi ne an ci abinci da maƙwabta an yi hira. Hoton ɗan wani kuma ba a sa shi a Facebook ko a wasiƙar neman tallafi ba tare da izinin iyayensa ba.

Wanda ya san abin da tuba take ci wa mutumin ƙauye ba zai yi masa gaggawa ba. Haikali shi ne tsakiyar gari, can ake biki, can ake ƙona gawa, can tsofaffi suke taruwa. Ɗa namiji yakan shiga zaman ibada na ɗan lokaci, ya aske kai ya sa rawayar tufa, kuma an yi imani ladan yana zuwa ga iyayensa, musamman mahaifiya. Saurayin da ya ce ya bi Yesu, abin da uwarsa take ji shi ne ɗanta ya hana ta ladan da take jira tun ranar da ta haife shi. Wannan ciwo ne na gaske, ba taurin kai ba. Tarihi ma yana nan: a 1869, shekara biyu bayan ɗan mishan Daniel McGilvary da matarsa Sophia sun sauka birnin Chiang Mai na arewa, an kashe masu bi biyu, Nan Chai da Noi Sunya, da umarnin sarkin yankin, sai a 1878 aka fitar da dokar 'yancin addini a arewa. A 1940 an kashe 'yan Katolika bakwai na ƙauyen Songkhon a bakin kogin Mekong. Yau doka ta ba kowa 'yanci, abin da ya rage shi ne nauyin dangi. Kada a cire sabon mai bi daga danginsa a mai da shi ɗan gidan Bature. A ƙarfafa shi ya fi da kula da iyayensa. Ku ma ku je jana'iza, ku ba da gudummawa, ku taya wanke kwanuka. Inda ake shakka, kamar bikin ɗaura farin zare a wuyan hannu don yi wa mutum fatan alheri, a zauna da dattawan Kiristocin wurin a ji ta bakinsu, domin su ma ra'ayinsu ya bambanta, kuma sun fi baƙo sanin abin da kowane abu yake nufi.

Kushe Buddha ko limamansa ba ya jawo kowa, rufe kunnuwa yake yi. Maganar gidan sarauta kuwa a kame baki gaba ɗaya: sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15, kuma bai ware baƙo ba. A koya wa yaran gida tun da wuri cewa ba a dafa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa, ba a tsallake wanda yake zaune, mace ba ta taɓa limamin Buddha, takalmi kuma a bakin ƙofa yake tsayawa.

Cikin gidan ɗan mishan kansa akwai kuskuren da ba ya shiga rahoto. Miji ya fita da safe, ana gaishe shi da malam, yana koyon harshe a bakin aiki. Matar tana gida da yara uku, tana koyar da su, tana fama da zafi da sauro, ba ta da wadda za ta yi wa magana. Iyalai da dama da suka koma gida kafin lokaci, daga nan abin ya faro. A raba lokacin koyon harshe daidai, a sami ranar hutu da ba a taɓa ta, a nemi wani iyali da za a riƙa ziyarta ko da tafiyar awa biyu ce. Maƙwabta ma magani ne idan an buɗe ƙofa. Da yamma za ka ga an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gida, ga ƙananan kwanduna na shinkafa mai danƙo, ga kwaɗon ɗanyar gwanda da aka daka a turmi da barkono da ruɓaɓɓen kifi, duk mai wucewa a ce masa ya zo a ci. A zauna, a cuɗa shinkafar da yatsu, a dangwala. Wanda kullum yake cewa ya ƙoshi, ya koma bayan katangarsa ya ci burodi, zai shekara goma yana baƙo.

Karatun yara a yanke shawararsa kafin a zo. Makarantun da aka kafa don 'ya'yan 'yan mishan, irin Grace International School, suna Chiang Mai, nesa ƙwarai da ƙauyukan Ubon ko Roi Et na yankin Isan. Ƙanana suna iya shiga makarantar ƙauye su sami harshe da abokai, a cike musu sauran a gida. Kuma kada a mai da su kayan talla a aji ko a hoto, su ba su ɗauki alkawarin mishan ba. Da damina zazzaɓin dengi yana yawo, idan yaro ya yi zazzaɓi a ba shi farasitamol a kai shi asibiti, ban da asfirin da ibuprofen. Babur kuma ba a hawansa ba hular kwano, ko zuwa kasuwar bakin titi ne.

Kuɗi yana ɓata zumunci da sauri. Baƙo mai mota attajiri ne a idon ƙauye, za a zo neman rance, idan ya ba wannan ya hana wancan ya sayi gaba. Taimako ya bi ta hannun ikilisiyar wurin ko kwamitin makaranta, da ƙa'idar da kowa ya sani. Haka ma ayarin matasa masu zuwa na mako biyu daga ƙasashen waje: suna da amfani idan sun shiga ƙarƙashin shirin da yake tafiya, su taya malamar makaranta abin da ta roƙa. Idan kowane ayari zai sake farawa daga launuka da sunayen dabbobi, yara sun zama wurin gwaji ke nan.

Iyalin da zai tafi hutun gida ya daidaita tafiyarsa da ƙarshen shekarar karatu a Maris, kada ya bar aji a tsakiyar zango. Ya bar wa malamar makaranta tsarin darussa da kayan aiki, ya bar taron Lahadi a hannun mai bi ɗan ƙasa da aka daɗe ana shiryawa, ya je ya yi sallama da shugaban makaranta da mai unguwa gida-gida, ya kuma faɗa musu watan da zai dawo, ko ya gaya musu gaskiya idan ba zai dawo ba.