Idan kwalara ta ɓulla: aikin ƙaramar hukuma, jiha da tarayya

A Najeriya rahoton kwalara ba ya kwana, awa 24 ce iyaka. Ma'aikacin asibitin ƙauye da ya ga mai zawo kamar ruwan shinkafa ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wato DSNO. Jami'in ne zai shigar da bayanin a SORMAS, manhajar tattara rahoton cututtuka, ya kuma sanar da jami'in annoba na jiha, daga nan labari ya isa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Abuja.

A wannan matakin farko aka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa akwai babur, babu kuɗin mai, sai a kwana uku ba a je ƙauyen ba. Ciyaman ya ware kuɗin mai da katin waya tun kafin damina ta faɗi. A ɗauki samfurin bayan gida kafin a ba majinyaci antibayotik, a sa samfurin a kwalbar Cary-Blair, mai sinadarin da ke adana ƙwayar cutar a hanya, a aika ɗakin gwaji, amma kada a jira sakamako kafin a fara ƙarin ruwa da ORS, wato haɗin gishiri da sukari na sha, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Jiha ta buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa, a riƙa zama kullum, da wakilin hukumar ruwa ta RUWASSA a ciki, domin rijiya ba ta hannun likita. Jerin majinyata ya zama ɗaya tak: suna, shekaru, unguwa, ranar da ciwo ya fara, inda ake ɗibar ruwa. In ƙaramar hukuma ta rage adadi don gudun abin kunya, kayan da tarayya za ta turo ba za su isa ba. A 2021 an samu fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, alhali da kulawa mai kyau mace-mace ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Kayan Abuja kada su kwanta a siton jiha, a kai su mazaɓun da jerin ya nuna. A haɗa ruwan kulorin kala uku, a rubuta a jikin kowane bokiti: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na ƙasa da gadaje, 2 na amai, bayan gida da gawa. Rufe gurɓatacciyar rijiya da tsarin wankan gawa kuwa, a bi ta hakimi da limamai, a kuma kawo tankar ruwa kafin a rufe.