Yadda Ake Shiga Harkar Kibod Mai Suwic Ba Tare Da An Zubar Da Kuɗi Ba

Kibod ɗin da ake haɗo maka da kwamfutar ofis, idan ka buɗe cikinsa, shimfiɗar roba guda ɗaya za ka tarar a ƙarƙashin madannai duka. Sai ka danna har ƙasa kafin harafi ya fito, kuma in robar ta gaji shi ke nan, sai jefarwa. Kibod mai suwic ya sha bamban: kowane madanni da nasa ɗan injin, wato suwic, da sifirin a ciki. A irin suwic na Cherry MX, wanda kamfanin Cherry na Jamus ke ƙerawa, madanni na nutsewa milimita 4, amma tun a wajen milimita 2 harafin ya fito, don haka yatsa ba ya shan wahalar dukan ƙasa. Abin ba sabo ba ne. Kamfanin IBM ya fitar da kibod ɗinsa Model M tun 1985, har yau kuma akwai masu aiki da shi. Abin da ya sauya shi ne farashi, domin bayan da haƙƙin mallakar Cherry ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron, Kailh da Outemu suka shiga ƙera irin suwic ɗin Cherry da araha.

Ka fara da girman kibod, tun kafin ka yi tunanin launi ko fitilu. Cikakke yana da madanni 104 ko 105, har da sashen lambobi na dama. Idan aikinka lissafi ne a Excel, kada ka rabu da wannan sashe. Akwai wanda aka yanke wa sashen lambobin, mai madanni 87, ana ce masa TKL. Daga nan sai ƙananan, da ake kiransu da kason girmansu in an gwada da cikakke: 75%, 65% da 60%. Mai 60% yana da kyan gani a hoto, amma ba shi da madannan kibiya, ba shi da layin F1 zuwa F12, sai ka riƙa haɗa madanni biyu kafin ka matsa gefe. Sabon shiga ya tsaya kan TKL ko 75%.

Mataki na biyu shi ne zaɓen suwic, kuma a nan ne ainihin harkar take. Iri uku ne. Akwai mai santsi, wanda ke tafiya daga sama har ƙasa ba tare da wani cikas ba. Shi ne aka saba yi wa jan launi, kuma nauyin gram 45 ya isa ya danna Cherry MX Red. Masu wasannin kwamfuta sun fi son sa. Akwai mai tudu, ruwan ƙasa, wanda yatsarka za ta ji ɗan ƙulli a daidai inda harafi ke fita, amma ba ƙara. Sai mai ƙara, shuɗi, wanda ke da tudun kuma yana yin ƙas-ƙas a kowane dannawa. Shuɗin nan shi ya fi jan hankalin sababbi, shi ne kuma ya fi saurin haɗa mutum faɗa da abokan ofis ko da maiɗakinsa in yana rubutu da dare. A ganina, wanda rubutu ne aikinsa ya fara da mai tudu.

Sai dai kada ka yanke hukunci daga bidiyon YouTube. Sautin da kake ji a can ya ratsa makirufo da teburi da ɗakin wani. Suwic kamar takalmi ne, sai ka sa ƙafa kake sanin daidanka. Ana sayar da ɗan faifai mai ɗauke da suwic iri-iri don gwaji, kuɗinsa bai kai na kibod ba. In kuwa kana da aboki mai irin wannan kibod, roƙe shi ka buga shafi guda a kai.

Na uku, kuma kada ka yi sassauci a kansa: ka sayi kibod da ake iya cire wa suwic da hannu, wanda masu sayarwa ke rubuta wa hot-swap. A tsohon tsari, liƙe suwic ake yi da dalma a jikin faifan lantarki, in ɗaya ya mutu sai ka nemi mai gyaran rediyo ko waya. A wannan kuwa ɗan ƙarfen cirewa kawai za ka sa ka zare, ka cusa wani. Idan suwic mai jan launi ya gundure ka, ka sauya su duka a zama ɗaya, kibod ɗin na nan. Ka duba abu biyu. Suwic akwai mai ƙafa 3 da mai ƙafa 5. Faifai mai rami 5 na karɓar duka biyun, mai rami 3 kuwa sai ka datse ƙafafun roba biyu da abin yankan farce. Sannan wasu kibod masu araha raminsu na Outemu ne, matsattse, ba kowane suwic ke shiga ba. Wajen cusawa ka tabbata ƙafafun ƙarfen a miƙe suke. Madannin da ya ƙi aiki bayan sauyi, galibi ƙafa ce ta lanƙwashe. Zare ka miƙar ka mayar.

Kamfanonin da sababbi suka fi farawa da su sun haɗa da Keychron, Akko, Royal Kludge da Redragon. In daga waje za ka yi oda, ka lissafa kuɗin dako da canjin dala kafin ka ce ka yi araha. Akwai kuma wata al'ada ta 'yan harkar, inda ake tara kuɗin masu saye tukuna sannan a ƙera kayan, a jira watanni, wani lokaci fiye da shekara. Bar wannan sai ka ƙware.

Kibod ya iso, yi aiki da shi mako biyu ko uku yadda ya zo. A nan za ka gane abin da ke damunka. Mafi yawanci dogayen madannai ne, wato na tazara, Enter, Shift da Backspace. Kowannensu na da wata waya a ƙasa da ke hana shi karkacewa, ita ce ke kwaramniya. Ɗan maiƙo a bakin wayar yana kashe ƙarar. Wanda aka fi amfani da shi Krytox 205g0 ne, da ƙaramin buroshi, shafa kaɗan-kaɗan. Kada ka kusanto da man keken ɗinki ko man girki. Suwic ɗin ma ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a shafa, aikin yini ne, amma ba a shafa wa mai ƙara, don maiƙon na kashe ƙas-ƙas ɗin.

Hulunan madannai, wato robobin sama masu ɗauke da haruffa, su ne kwalliyar, su ne kuma ramin da kuɗi ke zurarewa. Na robar ABS suna yin sheƙi in sun sha yatsa, na PBT sun fi jurewa. Yawancinsu ramin gicciye gare su irin na Cherry, don haka suna hawa kusan kowane suwic na wannan dangi, amma ka tabbata saitin na da madannai daidai girman kibod ɗinka, musamman Shift na dama a 65% da 75%.

Mai rubuta Hausa ya lura da wani abu. A tsarin Hausa na Windows, da madannin Alt na dama ake fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma wasu ƙananan kibod ba su da shi. In naka na aiki da manhajar QMK ko VIA, kana iya mayar da kowane madanni ya zama Alt ɗin, a inda babban yatsanka ya fi saurin kaiwa. Ka tambayi wannan tun kafin ka biya.

Saura ƙura. Tsakanin madannai a buɗe yake, ƙurar hunturu kuwa ba ta sallama. Rufe kibod da ƙyalle duk sanda ka tashi. In ya yi datti, cire wayarsa daga kwamfuta, ɗauki hotonsa don ka tuna wurin kowane harafi, zare hulunan ka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ka share jikin da busasshen buroshi. Hulunan su kwana a shanye, domin ɗigon ruwa kan maƙale a ramin gicciyen, in ya sauka cikin suwic zai iya lalata shi.