Yadda Mai Ciwon Baifola Zai Sami Abokan Tattaunawa a Intanet

Ciwon baifola kan ɗaga mutum sama, ya yi kwanaki ba barci, ga surutu da kashe kuɗi, daga baya baƙin ciki ya kwantar da shi. A Katsina da yawa suna ɓoyewa don gudun a ce aljanu ne. Hira da masu irin lalurar tana rage kaɗaici.

1. Fara da likitanka. Idan kana zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tambayi ma'aikatan sashen ƙwaƙwalwa ko sun san wani rukunin tattaunawa na intanet da suka amince da shi.

2. Nemi ƙungiyoyin da aka sani. Akwai She Writes Woman, ƙungiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016; Hauwa ita kanta tana fama da ciwon. Akwai kuma MANI, ƙungiyar wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, da DBSA, ƙungiyar tallafa wa masu baifola da ciwon damuwa a Amurka, mai tarukan intanet da Turanci.

3. Kafin ka yi magana, saurara tukuna. Akwai mai kula da rukunin? Ana rufa wa juna asiri? Kada ka bayar da adireshinka ko hoton katin asibiti. A WhatsApp kowa na ganin lambarka, kuma garinmu kowa ya san kowa.

4. Duk wanda ya ce ka bar maganinka, ko yana tallan nasa, fita daga rukunin. Dakatar da litiyom, wani maganin baifola, farat ɗaya na iya dawo da ciwon da ƙarfi.

5. Kashe waya da wuri da daddare, domin rashin barci yana tayar da ciwon. Idan tunanin kashe kai ya zo, faɗa wa ɗan'uwa, ku tafi asibiti nan take.