Kafin ka sayi mutum-mutumin Japan don fim, fara neman mai zanensa

Duk wanda ya zo mini da maganar yana son ɗauko ƙaton mutum-mutumin ƙarfe daga katun ɗin Japan ya mayar da shi fim na 'yan wasa a Amurka, farar takarda nake fara miƙa masa. Sai in ce ya jera abu biyar: labari, zanen mutum-mutumin, suna, kiɗa, da kayan wasan yara. A gaban kowanne ya rubuta mai shi. In layi ɗaya ya zauna babu suna, to cinikin biri a sama ake shirin yi.

A Japan da wuya ka ga kamfani ɗaya ya mallaki katun dungurungum. Gidan talabijin, kamfanin talla, masu ƙera kayan wasa da situdiyon zane ne ke haɗa kuɗi, kowa ya riƙe kasonsa. Wanda ya sa maka hannu yana iya zama mai gaskiya, amma abin da ke hannunsa kaɗai ya sayar maka.

Layin zane shi ne ya fi cin mutane, kuma a nan nake so ka daɗe. Dubi katun ɗin Macross na 1982. Kamfanin Harmony Gold na Amurka ya karɓi lasisinsa daga situdiyon Tatsunoko na Japan, ya haɗa shi da wasu katun biyu, ya fitar da Robotech a 1985. Daga baya aka shiga kotu a Tokyo. A 2002 aka ce zane 41 na asali na situdiyon zane na Studio Nue da kamfanin talla na Big West ne, a 2003 kuma aka ce haƙƙin shirin talabijin ɗin kansa na Tatsunoko ne. Ka ga, shiri na wani, jirgin yaƙin nan mai rikiɗa ya miƙe da ƙafa biyu na wani. To me za ka nuna wa 'yan kallo in babu shi? Sai a 2021 Big West da Harmony Gold suka sasanta. Fim ɗin Robotech na 'yan wasa kuwa a 2007 ya shiga hannun Warner Bros, ya koma Sony a 2015. Abin yana ba ni takaici, domin an hana masoya a wajen Japan kallon yawancin ci gaban Macross ta halastacciyar hanya shekara da shekaru.

Don haka kada ka yarda da kwafin yarjejeniya ta ƙarshe kawai. Nemi dukkan takardun, tun daga hannun mai zane har zuwa wanda ke zaune gabanka, kuma lauya mai jin Japananci ya karanta na asali.

Sai batun kafin alƙalami. Yawanci ba sayen haƙƙi ake yi kai tsaye ba, ana biyan wani abu ne a riƙe maka shi na ɗan lokaci. A rubuta ranar ƙarewa, da nawa za a cika, da abin da zai nuna cinikin ya faɗa. Kamfanin ADV Films na Amurka ya sanar da fim ɗin katun ɗin Evangelion a 2003, a 2011 yana kotu da Gainax, situdiyon da ya yi katun ɗin, kan ko haƙƙin ya zama nasa. Ba a yi fim ɗin ba.

Masu abu za su nemi ganin rubutun labari da sabon zane kafin ka ɗauka. Ka yarda, haƙƙinsu ne, amma a sa adadin kwanakin da za su ba da amsa. Mafi sauƙi ma ka jawo su cikin aikin, kamar yadda kamfanin fim na Legendary ya yi da Sunrise, situdiyon da ya yi katun ɗin Gundam, da aka sanar da fim ɗin Gundam a 2018.

Kayan wasa kuwa kada ka sa rai da yawa. Kamfanin kayan wasa na Bandai na sayar da Gundam na roba da ake harhaɗawa tun 1980, kuma ba zai saki wannan ba. Yi lissafinka tun farko kamar kuɗin tikiti da na haskawa a intanet kaɗai za ka samu, in ya fita a haka sai ka sa hannu.